Makullin Ɗakin Baƙi

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya da yara? Ni lafiyata lau, kada ki sa komai a ranki.

Ɗakin nan da nake ba matafiya haya ta manhajar waya ne ya ɗan samu matsala. Wata ta kama wa mahaifinta, dattijo. Da hantsi ina shanya zanin gado na ji faɗuwarsa a banɗaki. Na ƙwanƙwasa, shiru. Sai na sa makullina na shiga, na ɗaga shi, na goge masa jinin goshi. Har albarka ya sa mini.

'Yar kuwa ta kai ƙara wai na shiga ba izini. Kamfanin manhajar bai ji ta bakina ba, ya rufe shafina, baƙin da ke tafe duk aka kai su wani gidan. Na rubuta har na gaji, na'ura ce ke amsawa: “Mun fahimci damuwarki.” Ina cin abinci dai.

Yanzu sun buɗe shafin, amma sun ce in na ƙara shiga ba izini, shi ke nan. Ki sa ni a addu'a. Allah ya bar mana ke.

Akwai wata baƙuwa a ɗakin yanzu, tun jiya take tari. Ke kika koya mini ba a barin baƙo da ciwo shi kaɗai. Ɗazu na je ƙofarta da ruwan zafi, Inna, na tsaya, na koma na shanye abina.

Autarki