Ɗan Maƙera a Gadon Masu Ƙuna

Assalamu alaikum, Anti Nafisa. Don girman Allah ki taimaka mani da shawara, kuma ki taimaka da wuri, don ni kam kaina ya kulle. Daga barandar asibiti nake rubuto maki, a kan tabarmar da ta zame mani ɗaki. Ki yi haƙuri in kin ga ina ta kewaye-kewaye, ban san ta inda zan kamo zancen ba.

Ni 'yar Bodinga ce, nan aka haife ni, nan nake aure. Maigidana mai walda ne, rumfarsa tana bakin babban titi. Asalinsa mutumin Dandin Mahe ne ta ƙasar Shagari, gidansu kuma gidan maƙera ne tun kakanni. Ɗiyarmu ɗaya, Ramla, bara aka yaye ta.

Wata safiya aka kawo masa tankin man wata motar haya ya liƙe inda yake yoyo. Mai motar ya rantse an wanke tankin tas. Maigidana yana ɗora wuta abin ya fashe. Wuta ta ci ƙirjinsa da cikinsa da hannuwansa biyu har zuwa wuya. Mutanen da suka taru, taimako suka yi niyya, Allah ya saka masu, amma wani ya fasa masa ɗanyen ƙwai, wani ya shafe shi da baƙin mai kafin a sami mota. Da muka isa asibiti a Sakkwato sai da aka kankare wannan duka kafin a ga ciwon. Mutumin da ko ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa ban taɓa jin ya ce wash ba, ranar ihunsa har bakin ƙofa ake ji. Har yanzu yana cikin kunnena.

Yanzu yana ɗakin masu ƙuna. Anti, wanda bai shiga ɗakin nan ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. An naɗe shi da bandeji tun daga wuya har ƙugu, ƙarin ruwa ba ya yankewa, ga wani wari da ke bin mutum har cikin abincinsa. Ranar wankin ciwo fitar da ni ake yi, in tsaya a waje ina jiyo shi yana kiran sunan Allah. Ba a barin kowa ya shiga sai ni mai jinya, ni ɗin ma sai na wanke hannu na sa rigarsu da takunkumi. Nas ɗin da ke kula da shi, Sista Hauwa'u, ta zaunar da ni ta ce mai ƙuna ba shi da fatar da za ta tare masa cuta, abin da ba zai yi wa mai lafiya komai ba shi yana iya kai shi kabari. Na ga gaskiyar maganarta da idona. Wani direba da ke gadon kusa da namu, har mun saba da matarsa muna cin abinci kwano ɗaya, ana ta murna ya fara samun sauƙi, zazzaɓi ya rufe shi, aka fitar da shi a lulluɓe.

Babbar damuwata surukina ne. Duk yankinsu an san shi da maganin ƙuna. Yaro ya faɗa murhu, mace ta kifar da tafasasshen ruwa a ƙafa, wurinsa ake kai su, ya yi tofi ya shafa maganin da ya gada. Ba zan yi masa ƙarya ba, da yawa sun warke. Ni kaina da mai ya fallatso mani a hannu ina amarya, maganinsa aka sa mani, ko tabo babu. A gidan nan imani suka yi cewa wuta ba ta cin jininsu. To ga ɗan cikinsa wuta ta ci, kuma yana kwance a hannun likitoci, mutanen gari kuwa kin san ba su rasa abin faɗa.

Surukin nawa ya zo dubiya da mota cike da dangi, tsofaffi maza da mata, da ƙwaryar fura da kwanonin abinci. Aka tsayar da su duka a ƙofa. Na yi ta roƙo har aka yarda shi kaɗai ya shiga, aka sa masa riga da takunkumi. Ya tsaya a kan ɗansa yana kallonsa. Can sai ya janye takunkumin, ya sunkuya zai yi tofi a kan ƙirjin, hannu ɗaya kuma ya zaro ƙunshin magani daga aljihu. Sista Hauwa'u ta yi wuf ta riƙe hannunsa. Wallahi ba ta ɗaga masa murya ba, tana ta ba shi haƙuri, amma tsoho mai furfura, yarinya sa'ar jikarsa ta riƙe masa hannu a gaban ɗansa aka fito da shi. Ya wuce ni idanunsa jawur. Suka koma da furarsu ko buɗewa ba a yi ba.

Yanzu likita ya ce dole a yi masa aiki, a ɗebo fata daga cinyarsa a dasa masa a ƙirji, kuma jinkiri ba alheri ba ne. Da labari ya kai Dandin Mahe, tsoho ya aiko ƙanwarsa, Gwaggo Kaltume, ta same ni a nan baranda. Wai shi bai haifi ɗan da za a yi ma faci awa tayar keke ba. Wai ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, zai zo da mota ya ɗauki abinsa. In ta warkewa ce ya warke a hannunsa, in ta mutuwa ce ya mutu a ɗakin uwarsa. Likita kuma bai ɓoye mani ba, ya ce in aka fitar da shi a wannan hali da wuya ya ga sabon wata. Ko a nan ɗin ma bai yi mani alkawarin komai ba.

Na tambayi shi maigidan. Ya juyar da kai gefe, hawaye na bin kunnensa, ya ce duk abin da Baba ya ce shi ke nan. Na san abin da ke cinsa. Tun da ya bar maƙera ya kama walda yake ganin ya ɓata wa tsohon rai, yanzu ba zai iya ƙara masa wani ɓacin ran ba, ko da ransa ne zai tafi a kai.

Ni kuwa, Anti, tun da aka yi aurenmu ban taɓa haɗa ido da surukina ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa ba ya fita bakina, in na hango shi a hanya ratsewa nake yi. Gaisuwa ma daga nesa nake yinta a durƙushe. Da wane bakin zan ce masa a'a? Mahaifina ya rasu. Yayana Zainulabidin ya ce shi ba ya shiga tsakanin uba da ɗa. Mahaifiyata ta ce in kama bakina in bar wa Allah, don in na hana kuma ya cika a asibiti, har abada za a ce ni na kashe masu ɗa. To in na yi shiru aka tafi da shi ya cika a can fa? Wannan ba sai wani ya faɗa mani ba, ni zan riƙa faɗa wa kaina. Duk inda na juya gawarsa nake gani, har na fara tsoron ko zuciyata ta riga ta haƙura da shi ne tun yana numfashi. Ramla tana wurin mahaifiyata, an ce ta daina tambayar babanta.

Ki faɗa mani abin da zan yi. Na gaji, kuma Juma'a sai matsowa take yi.

Taki,
Matar mai walda, Bodinga.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Na kira ki tun ranar da saƙonki ya iso don maganar ba ta jira, ina kuma maimaita ta a nan saboda na san ba ke kaɗai ke zaune a irin wannan baranda ba.

Bari in fara da mai nauyin. Kada a fitar da mutumin nan daga asibiti. Ƙunar da surukinki ya saba warkarwa ita ce wadda ta bar fata a ƙasa, ta sake tohowa da kanta. Ta mijinki ta cinye fatar gaba ɗaya a wuri mai faɗi, shi ya sa ake maganar dashe. Duk abin da aka shafa a buɗaɗɗen ciwo irin wannan, ko aka tofa, hanya ce aka buɗe wa cuta. Sista Hauwa'u ta yi aikinta. Masu karatu ma su riƙe wannan: in wuta ta ci mutum, ruwa mai tsabta ake kwarara wa wurin a garzaya asibiti, ban da ƙwai, ban da baƙin mai.

Amma kada ki ɗauki tsohon nan abokin gaba. Ya ƙare rayuwarsa yana warkar da 'ya'yan mutane, ranar da abin ya zo kan nasa aka riƙe masa hannu. Abin da ke fitowa daga bakinsa kamar taurin kai, tsoro ne da jin kunya. Mutumin da ke cikin wannan hali ba a cin nasara a kansa da gardama, kuma ba ke ce za ki fara tunkararsa ba.

Ki koma wa yayanki. Ki ce masa ba a ce ya shiga tsakanin uba da ɗa ba, mota kawai zai hau ya je Dandin Mahe ya sami limamin garin da babban maƙeran yankin, ko duk wanda tsohon ba ya iya ƙin maganarsa. Su taho da shi kafin Juma'a. Ke kuma ki roƙi babban likitan ya karɓe su a ofis, a ba tsohon kujera da girmansa, a nuna masa zurfin ciwon, a faɗa masa gaskiyar da aka faɗa maki. Mutum ne da ya san wuta, in ya ga iyakar ɓarnar a natse, ba a tsaye cikin kaɗuwa ba, zai iya gane cewa wannan ta wuce ta murhu. Sannan ki tambayi ma'aikatan ko za su bari ya zauna wajen kan ɗansa da takunkuminsa, ya dafa goshinsa ya karanta duk addu'ar da ya sani. A ba shi abin da zai yi wa ɗansa, kada ya koma gida hannu rabbana karo na biyu.

Shi ma maigidanki kada a manta da shi. Baligi ne, da hankalinsa, yardarsa ce ake nema kafin a yi aikin. Likita ya tambaye shi su biyu, babu dangi a kansa. Liman kuma ya shaida masa cewa neman magani ba saɓa wa iyaye ba ne, don daga bakin malami zai fi shigarsa. Ke ma ki nemi wadda za ta riƙa karɓarki ko na yini ɗaya ne, ki ci abinci, ki je ki ga ɗiyarki.

In duk wannan bai yi ba, Juma'a ta zo mota ta tsaya a ƙofa, to magana ta dawo kanki. Ki sanar da likita tun da safe. Ki durƙusa yadda kika saba, ba sai kin ɗaga ido ba, ki ce masa ɗansa ne ba ki musa ba, amma kina roƙonsa don Allah ya bar shi a nan. Za a ce ba ki da kunya. Ki bari a ce.

Ba zan yaudare ki ba, ƙanwata. Kina iya yin duk abin da na lissafa ya rasu a kan gadon nan, kuma a ɗora maki, ki riƙa jin zancen a gidan suna da gidan biki har ki tsufa. Ba ni da maganin wannan. Abin da na sani shi ne a asibiti yana da ɗan rabon tashi, a gida kuwa likita ya riga ya faɗa maki. Ki tsaya inda rabon yake, komai ƙanƙantarsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifinsa, ya ba ki ƙarfin buɗe baki in lokacin ya yi.

Taki,
Anti Nafisa.