Tsamiyar da Ta Faɗi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka duka. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata tana nan tana tsiyarta, 'yarka ta wajena ta sauka lafiya an samu mace, akuyar nan mai kunne ɗaya kuma ta mutu. Maƙwabcina tela ne ke rubuta mini, tunda ka san ni da biro sai kallo. Ya ce in sassauta harshe, na ce ya rubuta yadda na faɗa ko ya koma kan kekensa.

Auta, raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi. Kansilan unguwarmu, wanda ake ce wa Dogo, ya tashi faɗaɗa hanyar kasuwa kafin zaɓe, zai yanki gefen tsohuwar maƙabarta. An zo an kafa turaku an shafa musu jan fenti. Na je ofishinsa, aka shanya ni a benci tun hantsi har azahar. Da na samu shiga na gaya masa mutum bakwai ne kwance inda za su bi, har da Innarmu. Sai ya jawo takarda daga durowa, ya ce ai ƙanena mai ilimi ya riga ya shaida, wai kabarin Inna yana hagu da tsamiya, dama kuwa fili ne babu kowa. Ya karanta mini sunanka a ƙasan takardar yana murmushi. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Wace tsamiya, Auta? Biyu ne a wurin ranar da muka kai Inna. Wadda ka jingina da ita kana kuka, iska ta kayar da ita shekara biyu bayan tafiyarka, kututturenta ma yanzu sai an tona da sanda ake ganinsa. Wadda ta rage suka aika maka hotonta a waya, kai kuwa ka ce ita ce. Inna tana hagu da wadda ta faɗi, wato dama da wadda ta rage, daidai inda katafila za ta bi. Shekara talatin da ɗaya ƙafarka ba ta taka wurin ba, amma bakinka bai iya cewa a tambayi Yaya ba. Matambayi ai ba ya ɓata. Ko don ban yi boko ba ne? Ni na shiga ramin na karɓe ta, da hannuna na gyara mata kwanciya, kai kana can idonka ya rufe da hawaye.

Na gaya wa Dogo a gaban ma'aikatansa cewa ta huɗu a jerin nan kakarsa ce, ungozomar da ta yanke wa 'ya'yana cibiya. Ya ce in kawo takardar shaida. Ka ji fa, kakarsa ma sai da takarda! Da yana neman ƙuri'a har tsakar gidana ya zo ya durƙusa yana Baba, Baba. Yau na zama tsoho mai rikici.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa nake aiko maka maimakon in share ka. Ka rubuta musu cewa ka yi kuskure, ka sa hannu yadda ka sa wancan, ya iso kafin Larabar sama, don ranar za su fara. Ko ka rubuta ko kada ka rubuta, ni dai zan ɗauki kujerata in zauna a kan kututturen nan. Sai su fara da ni.

Tunda yanzu takarda ake ji ba mutum ba, ga abin da na riƙe a kaina, ka adana. Ka tsaya a kututture ka fuskanci gabas, ka yi taku tara hagunka, Inna ke nan. Taku biyar gaba da ita, uwar 'ya'yana. Tsakaninsu akwai wuri ɗaya babu kowa, shekara goma sha biyu ina gadinsa. In ranar ta zo aka kira ka a waya, don Allah kada ka yi musu kwatance da tsamiya.

Ka gaida amarya, ka gaida takwarana da 'yan biyu. Goggonmu tana gaishe ka, har yanzu ba ta ji labarin nan ba ne shi ya sa.

Naka,
Yayanka