Tsakanin Yanke da Yanka

Dapaong, Lahadi da hantsi

Zuwa ga ƙanena Issa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka tashi lafiya gwargwadon yadda mutum yake tashi a hannun jandarma. Yaya kan naka? Sun ɗinke wurin ko sun bar shi haka? Ga tubani nan da yaji, ka ci, kar ka rabar wa ɗakin gaba ɗaya don a ce kana da kyauta. Takarda na rubuto don ba sa barin waya a wurinku, ni ma kuma ba ni da ita. Tana shagonka jiya, kana cewa za ka sa mini tashar fina-finai, sai suka haɗa ta da dekodojinka na sata suka zuba a buhu ɗaya. Na gode da wannan alheri.

Tun da a sume aka fitar da kai, bari in ba ka sauran labarin. Ka dai tuna ranar ɗaukar takobi ce a kokawar Nijar, direbobi da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram sun cika ɗakin kallonka na bayan tasha, 'yan kokawa sun riƙe juna, sai hoto ya ɗauke. To ba naka kaɗai ya ɗauke ba. Duk gidan da ka sayar wa akwatin nan, daga nan har Bombuwaka da Mango, baƙi ƙirin ya koma, don kamfanin daga Lome ya yanke layin da kake jona su. Ƙafar benci aka kwaɗa maka a ƙeya. Da ka faɗi ma ba su bar ka ba, har sai da motar jandarma ta tsaya, su kuwa dama kai suka zo nema. Na ga jininka a siminti, Issa.

Daga nan taron ya juya shagon mijina. Wai tun da Alassani ne wakilin kamfani mai lasisi a unguwar, shi ya kai ƙara. Suka fasa gilashi, suka jawo faya-fayan tauraron ɗan'adam kan titi suna tattakawa. Wani ya naushe shi a baki, leɓensa ya tsage. Yana tsaye a ƙofa yana ba su haƙuri da Hausarsa ta kasuwa, irin ta ƙabilarsu ta Tem, suna ƙara harzuƙa don ba su gane rabin abin da yake faɗa.

Ina gaya maka, ba shi ya kai ka ba. Mutumin da yake kwana a ɗakina na san abin da zai iya. Shi ne fa ya yi ta jan kunnenka. Ka tuna ranar Sallah a gidan Inna a Sokode, da ya ce in ba ka daina ba wata rana za su yanka ka, ni da kai muka fashe da dariya har ka ƙware da miya? Yanke layi yake nufi, ga shi kuwa an yanke. Har yau mutumin nan bai rabe yanke da yanka ba, kamar yadda har yau kai yake ce mini kamar namiji, bai taɓa ce mini ke ba.

Ga abin da zai ba ka haushi. Kamfanin ya yarda da roƙon da Alassani ya daɗe yana yi, wata mai zuwa za su fito da abonoma na baƙi, wato tsarin biyan kuɗin kallo duk wata, wanda akwai tashoshin Nijar da na Najeriya a ciki, har da kokawar. Da ka yi haƙuri kaɗan da kanka bai fashe ba. Gobe zai je ya yi magana a kanka, kuma ya ce in ka fito ka zo ku riƙe shago tare, don ya san ba wanda baƙin nan suke yarda da shi kamar kai, ko da sun fasa maka kai.

Ban sanar da gida ba tun da ba waya. Alassani ya ce a hanyarsa ta zuwa share shago zai aika wa Yaya Gajere saƙon murya, shi kuma ya lallaɓa ya gaya wa Inna. Allah ya fito da kai lafiya.

Yayarka,
Khairiya


Asibiti, Dapaong, Laraba

Issa,

Ina gaishe ka. Ina fatan kan ya yi sauƙi. Ka yi haƙuri da abincin da bai zo ba kwanakin nan, kuma ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Yaya Gajere ya soki Alassani. Ranar Lahadin nan, bayan na kai maka takarda.

Na saurari saƙon da kunnena, jandarma ya kunna mini a wayar Yaya. Alassani ya yi sallama, ya gaida Inna, sannan ya ce an yanka Issa jiya, ba shi ba ne, mutanen kamfani ne, jini ya zuba a shago, a yi haƙuri. Iyakarsa ke nan. Da leɓensa a kumbure ya faɗa, maganar na fita da ƙyar kamar mai kuka.

Yaya yana kwata a Sokode lokacin, yana fiɗar sa. Ka san shi, ko talabijin ba shi da ita a gida, bai san ana yanke mutum yana nan da ransa ba. A wurinsa yanka abu ɗaya ne, shi ne abin da yake yi tun yana yaro. Ya kira wayarka a kashe, ya kira tawa a kashe. Ya kira Alassani, shi kuwa yana kan rufi yana kwance fayan da aka lanƙwasa, wayar na ƙasa cikin aljihun rigarsa. Sai ya kira Salifou direba, Salifou ya ce ƙwarai ya ga jini, ya ga an ɗauke ka a mota ba ka motsi. Yaya ya tuna maganar ranar Sallah. Mu biyu muka yi dariya ranar, shi bai yi ba, ban lura ba sai yanzu. Ya aika a gaya wa Inna, ya hau motar Sinkase mai bi ta nan Dapaong, da kayan aikinsa a jiki.

Da la'asar ya iso. Ina cikin shago ina tattara gilashi, Alassani ya sauko yana wanke hannu a buta. Da ya hango shi murna ya yi, ya nufe shi hannu a buɗe yana yi wa Yaya sannu da hanya. Ban ga fitowar wuƙar ba. Na dai ga Yaya ya riƙe wuyan rigarsa yadda yake riƙe ƙaho, ya soke shi a ciki, ya zare, ya kai ta biyu gefen wuya. Na fito na rungume hannun, wuƙar ta tsaga mini tafi har ƙashi. Ina ihu ina cewa Issa yana da rai, Issa yana da rai, na kai masa tubani da safe. Sai da na maimaita ya ji. Ya dube ni, ya dubi Alassani a ƙasa, ya zauna daɓas cikin jinin.

Masu mashin na tasha suka rufar masa da duwatsu da sanduna. Bai kare kansa ba. Sun karya masa hannu da haƙarƙari, da jandarma ba su zo ba da gawarsa za a ɗauka. Ni ina tsakiya, hannu ɗaya na danne wuyan mijina, ɗaya ina roƙon a bar yayana. Ban san yadda zan faɗa maka abin da na ji ba. Ina son su kashe shi, kuma ina tsoron su kashe shi.

An yi wa Alassani aiki. Likita ya ce na wuyan bai kai jijiya ba, na cikin ne abin tsoro, don ya taɓa hanji, kuma zazzaɓi ya ƙi sauka. Yana farkawa jifa-jifa. Ka yi masa addu'a. Kar ka ce mini ba laifinka ba ne, ban ce laifinka ba ne, ba na kuma son jin kowa ya wanke kansa yanzu.

Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da munin hannun.

Khairiya


Didawure, Sokode, ranar Talata

Ƙanena Issa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. An ce an mai da kai gidan kaso kana jiran alƙali. Inna tana gaishe ka, jikinta da sauƙi, ta fara shan koko.

Alassani ya rasu ranar Alhamis da azahar. Na san labari ya riga takardar nan, amma ina so ka ji daga gare ni.

Danginsa suka zo da mota suka kawo shi Sokode. Na biyo su a baya, ba wanda ya ce mini uffan har muka wuce Kara. Da muka isa gidansu, gwaggonsa ta tare ƙofa ta ce ƙanwar mahauci ba za ta yi takaba a ɗakin ɗansu ba. Bayan an dawo daga maƙabarta samarin gidan suka bi kasuwa, suka kife teburin Yaya, suka zuba wa naman kananzir suka cinna wuta. Daga nan suka zo gidanmu. Sun ɓalle ƙyaure, dutse ya sami Balkisu, matar Yaya, a goshi tana goye da jaririya. Mahautanmu kuma suka fito da wuƙaƙe suka jeru a bakin lungu. Limamin unguwa da mahaifin Alassani su suka shiga tsakani. Surukin nawa ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya ce wanda zai wuce sai ya taka ta. Ba wanda ya taka. Shi ne kaɗai a gidan ya zo ya yi mini gaisuwa.

Ka san inda nake zaune? Ranar Lahadin da Yaya ya soki Alassani an yi zaman makokinka a gidan nan. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, mata sun yi kuka, Inna ta faɗi. Kafin magariba labari ya zo cewa kana raye, amma da wane labari ya zo tare, don haka ba wanda ya sami zuciyar naɗe komai. A kan tabarmin taka nake karɓar gaisuwa. Waɗanda suka zo wa Inna ta'aziyyarka su ne suke dawowa yanzu, suna zama inda suka zauna.

Na ga takardar da ka ba Salifou. Kana tambaya ko in ka fito ka kashe kanka ko ka bar ƙasar. Ba ko ɗaya. Mahaifin Alassani ya ce kar a rufe shagon, kuma abonoman baƙin nan ya fito jiya, Salifou da kansa ya ce direbobi na ta zuwa suna tarar da ƙofa a kulle. Alassani ya ce ku riƙe tare. To shi ya tafi, saura kai. Za ka zauna a kujerarsa, ka sayar da abin da ya daɗe yana roƙonka ka sayar, ga mutanen da suka fasa maka kai suka fasa masa baki. In da nauyi, ka ɗauka.

An ce da zarar hannun Yaya ya haɗu, can wurinku za a kai shi. Za ka gan shi kafin ni. Ban yafe masa ba, ban kuma san ko zan iya ba, kar ka yi masa ƙarya da sunana. Amma ka tabbata yana cin abinci. An ce tun ranar bai buɗe baki ya yi magana da kowa ba.

Abu na ƙarshe, ban gaya wa kowa ba sai kai. Ranar Laraba da yamma, bayan na rufe takardarka, Alassani ya farka sosai. Ya kira ni kai kamar kullum, ya tambaya ko na ci abinci. Sannan ya tambaye ni me ya yi wa Yaya. Bai sani ba, Issa. Yana ta juya abin a ransa bai gano ba. Na so in ɓoye, ya riƙe mini hannu. Sai na gaya masa, layi ake yankewa, rago ake yankawa. Can na ga leɓensa na motsi, na kai kunne. Gwadawa yake yi. An yanke, an yanke, a hankali, kamar ɗan makaranta. Ya dube ni ya ga ko daidai ne, na ce daidai ne. Shekarun da muka yi ina yi masa dariya a kan kalmar nan, ashe zama ɗaya ya isa ya koya.

Yanzu duk wanda ya shigo gidan nan ke yake ce mini, kowa Hausarsa daidai. Allah ya jiƙan Alassani, ya fito da kai lafiya.

Yayarka,
Khairiya