Huɗu a Gurbin Biyar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Baba? Ki ce masa ya rage tsayuwa a kanti, maganin da yake sayar wa mutane shi ma ya riƙa sha.

Ni dai ga ni nan a ɗakin gwaji kamar kaza a akurki. Tagogi a rufe don kada iska ta taɓa ma'auni, farar rigar nan kuma ta shaƙe ni a hammata. Wuni muke yi muna ɗiga wani ruwa shunayya cikin ruwan ƙarfe, muna zuba ido mu ga sanda launi zai juya, sannan mu zauna lissafin nawa ya cinye nawa.

Kin san dokar makarantar: wanda ya faɗi darasin sinadarai sau biyu, sai ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Bara na faɗi tsakani da Allah. Bana kuwa ga ikon Allah, abin ya zauna mini daram a ka. Laifin malaminmu ne, wanda muke kira Malam Daidaita, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya tambaye ka ko ɓangarorin biyu sun daidaita.

Kawu kafinta ya aiko cewa zai riƙe mini benci a shagonsa har sakamako ya fito, bayan nan zai ba wani. Ke kin san inda zuciyata take, wurin katako. Baba kuwa ya kafe sai ya rataya takardar harhaɗa magunguna a bangon kanti. Ya ce in Allah ne Ya kayar da ni ya haƙura, in kuwa wasa na yi bai yafe ba. Ga shi ana dawo mana da takardun jarrabawa, kuma sai ya bi su layi-layi da tabarau. Gaba kura, baya sayaki.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka.

Wannan magana daga ni sai ke. Mun yi jarrabawa, kuma na kayar da kaina, amma cikin ladabi.

Bari in yi miki gwari-gwari. Tambaya ɗaya ce babba, mai rassa, kowane reshe yana hawa kan na bayansa. Kowace ƙwayar ƙarfe tana sakin wani ɗan mitsitsin abu ɗaya da ake kira elektron, shi kuma shunayyan nan yana haɗiye biyar. To biyar ɗin nan ita ce ginshiƙi. Sai na rubuta huɗu a layin farko, irin kuskuren da kowa zai iya yi. Daga nan na bi huɗun nan bil haƙƙi: na daidaita ɓangarori, na raba, na ninka, na fitar da nauyin ƙarfe, komai tsaf da kyakkyawan rubutu. Babu amsa ɗaya da ta fito daidai. Baba zai ga ɗansa ya yi gumi, ƙaddara ce kawai ta faɗa masa.

Wallahi ina sane na rubuta huɗun nan. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi ba. Da na fito har ƙamshin katako nake ji a hancina.

Ki taya ni addu'a, ko da yake ban san yadda za ki tsara ta ba.

Naki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai alhamdu lillahi.

Sakamako ya fito. Ashe masu sinadarai ba amsa suke bi ba, hanya suke bi. Kuskure ɗaya sau ɗaya ake hukunta shi, in ka ɗauke shi ka tafi da shi daidai, sauran makin naka ne. Malam Daidaita ya zagaye huɗuna da jan biro, ya cire maki ɗaya tak, ya bi sauran da alamar daidai har ƙasa. Da na yi ta shirme irin na bara, da yanzu ina gida. Tsaftar aikina ce ta kama ni.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗaga takardata a gaban aji yana nuna yadda ake bin hanya, ya kuma ɗora mini koyar da waɗanda za su maimaita.

Baba ya kira ni a waya. Yaya, kuka yake yi. Tunda nake ban taɓa jin kukan mutumin nan ba. Ya yi ta sa mini albarka har muryarsa ta dushe, ni kuma ina ta amin, amin, ina kallon bango. Na so in faɗa masa gaskiya, sai na ɓuge da yi masa godiya. Bayan wannan kukan, ba zan iya sake gwada faɗuwa ba.

Don Allah ki je wurin Kawu da kanki, ki ce na gode, ya ba wani bencin. In ya tambayi dalili, ki ce masa labari ne mai daɗi.

Ƙaninki da ya ci jarrabawa,
Auta