Ku Daina Cewa Ƙirji, Ku Ce Nono

Zuwa ga mai girma Darektan gidan rediyon karkararmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni manomi ne daga ƙasar Sarkin Hausa ta yankin Mayahi, kuma ba na ɓoye maka, da ɓacin rai na rubuto.

Na farko. Sanarwarku ta ciwon daji ta iso gidana tun daminar bara. Mun ji ta ni da matata Rabi muna ɓarar gyaɗa. Mai magana ya ce mata su lura da ƙirjinsu. Rabi ta ce tunda ba ta tari, ba da ita ake ba. Ni ma na yarda da ita. A lokacin nan akwai ƙullutu kamar ƙwallon magarya a nononta na hagu, ba ya mata zafi ko kaɗan.

Na biyu. Mun zauna har kan nonon ya lotsa ciki, fatar ta yi kauri kamar ɓawon lemu, wani ƙullutun ya fito a hammata. Sai da jini ya ɓata mata riga na ɗora ta a amalanke zuwa asibitin Mayahi. Daga can aka tura mu Maradi. Lokotoro ya duba, ya ce duk waɗannan alamu ne, kuma da tun ƙullutun farko muka zo, da an taimake ta. Yanzu maganin rage zafi kaɗai suka ba mu.

Ranka ya daɗe, na san kunya ce ta hana yaronka mai sanarwar faɗin sunan. Ni ma da ita aka rene ni. Amma kuna faɗin nono ba ko gezau in ana zancen shayarwa.

Roƙona, ku sake sanarwar. Ku ce nono. Ku ce ƙullutu ko da ba ya zafi, a tafi likita.

Rabi ce ta sa ni rubutu. Tana kwance, kullum da la'asar sai an kunna mata rediyo ta ji ko kun gyara. Ina roƙonka ka hanzarta, don ba ta iya tashi zaune yanzu.

Allah ya tsare maka iyalinka daga abin da muke ciki.

Wassalam.
Mijin Rabi