Kowa Ya Samu Wuri

Yaya Dela,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

An kawo mana sabuwar babbar kwamfuta a ofishinmu na Khartum. Ni aka ɗora wa kwaso sunayen ma'aikata daga tsohuwar, in yanka wa kowa wurin ajiyarsa a faifan sabuwar. Masu ƙorafin nasu ya yi kaɗan ma na lallaɓa su.

Ni kuwa alhamdulillahi. Ruwan bana ya ɗan taɓa ɗakina na Omdurman, rufin ya rufta, to ina kwana a shagon abokina Salih, cikin Kasuwar Libiya. Sauron da sauƙi. Ki aiko mini da yaji.

Allah ya bar mu tare. In Inna ta tambaya, ki ce mata kowa ya samu wuri.

Ƙaninki,
Mahadi