Tayoyin Surukina

Daren Laraba, tsakiyar damina

Na wanke laka daga jikina, amma takaicin bai fita ba.

Na san abin da a-kori-kurata take bukata: tayoyi masu manyan haƙora, masu kama laka. Na gan su a Argungu. Sai matata Hadiza ta ce, "Maigida, ka saya a waje alhali Baba na da shagon taya a Birnin Kebbi? Da wane ido zan dube shi?"

Na je, na durƙusa na gaishe shi. Da kansa ya zaɓo mini huɗu, irin na hawa kwalta. Ya ce, "Ɗana, waɗanga ba su ƙara, kamar kana bisa katifa." Ni fadama nake shiga, ba ɗaurin aure ba. Amma wa ke jujjuya kayan surukinsa a gabansa yana neman aibu? Ko taɓa su ban yi ba, godiya kawai na yi.

Yau motar ta kafe a fadamar Ambursa, ɗauke da takin zamanin mutane. Tayoyin na ta juyawa wuri ɗaya har ruwa ya sauko, rabin takin ya narke. Shanun huɗa suka jawo ni. Masu takin ko sannu ba su ce mini ba.

Bayan magariba Baba ya kira. "Ƙaƙa tayun?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba, ko ƙara ba su yi."

Sai da na kashe wayar na ga ashe a durƙushe nake.